Ƙofar da ba a kullewa a tsaunukan Alps

Kusan shekara dubu ke nan ana saukar baƙi a masaukin Great St Bernard, wanda ke kan mashigar tsauni tsakanin Suwizalan da Italiya, mita 2,469 sama da teku. Wani malamin coci mai suna Bernard ne ya kafa shi wajen 1050 saboda matafiyan da dusar ƙanƙara ke rutsawa da su a hanya. Napoleon, shugaban Faransa na lokacin, ya bi ta wurin da sojoji kusan 40,000 a watan Mayun 1800. Tun 1964 motoci ke bi ta ƙarƙashin dutsen, amma 'yan ɗarikar Bernard ba su tashi ba, suna nan rani da hunturu. Wanda ya san zangon fatake ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan manufar wannan gida.

Da hawan tsauni ya zama abin sha'awa, ƙungiyar mahaya tsaunuka ta Suwizalan ta gina bukkarta ta farko ta kwanan mahaya, Grünhorn, a jikin dutsen Tödi a 1863, kuma yanzu tana da kusan 150. Italiya tana da bukkar Margherita, wadda aka buɗe a 1893 a tsayin mita 4,554. Abin da ya fi burge ni shi ne al'adar ɗakin hunturu: idan mai kula da bukka ya sauka gari, yakan bar ɗaki ɗaya a buɗe, da barguna da murhu, domin duk wanda dare ko guguwa ta kama.

Yanzu ƙasar da gine-ginen ke kai ce take motsi. Ƙanƙarar da ta daɗe a daskare cikin tsagogin dutse, wadda ke riƙe shi kamar siminti, tana narkewa saboda ɗumamar yanayi. A watan Agustan 2022 ƙaramar mafakar Fourche da ke yankin dutsen Mont Blanc ta rufta tare da dutsen da ke ƙarƙashinta, an kuma rufe bukkar Mutthorn ta Suwizalan don gudun irin haka. Gyara a can yana da tsada ƙwarai, domin jirgi mai saukar ungulu ne ke kai kayan gini.

A ganina, idan kuɗi ya gaza, bai kamata a fara da manyan masaukai irin Goûter na Faransa ba, wanda aka buɗe sabon gininsa a 2013, kuma sai mutum ya kama gado tun da wuri kafin ya kwana a ciki. Na yarda cewa kuɗin kwanan da manyan ke tarawa yana taimaka wa ƙanana, amma manyan ba za su rasa mai zuba musu jari ba. Ƙananan mafakun da ba su da mai gadi ba sa kawo riba, alhali su ne ke ceton wanda ya ɓata a inda ba kowa. Su ya kamata ƙungiyoyin da hukumomin yankunan su ware wa kaso na farko, kuma inda dutse ya daina riƙe tsohon gini, a sake kafa shi a wuri mai ƙwari a kan wannan hanyar, ko da an rasa tsohon bangon.