A fitar da famfon ado daga tsakiyar shataletale

Duk wanda ya taɓa kallon bidiyon ruwan nan mai rawa na Dubai a wayarsa ya san yadda yake ɗauke hankali. Tun 2009 yake aiki a gindin Burj Khalifa, yana cilla ruwa sama har kusan mita 150, fitilu na sauya launi, kwamfuta na buɗe bakin kowane bututu tana rufewa daidai da bugun kiɗa. Jama'a kuwa tsayawa suke a bakin tafkin su sha kallo, ba tare da sun biya ko dala ba.

Irin wannan wuri ne Yamai ba ta da shi. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ɗaki ba ya zaunuwa bayan magariba, balle in an ɗauke wuta. Samari suna da fadarsu: benci, butar shayi a kan gawayi, hira har tsakar dare. To magidanci da matarsa da yara huɗu fa, ina za su? Wasa a zauren taro na Palais des Congrès ko cibiyar al'adu ta Oumarou Ganda (CCOG) galibi sai da tikiti, kuma ba kullum ake yi ba.

Na san abin da za a ce in aka kawo maganar gina famfon ado a Yamai, kuma ba na raina shi. Akwai unguwannin bayan gari da uwargida ke tashi cikin dare tana jiran famfo ya kawo, da safe kuma ta tsaya ƙofar gida tana sauraron ɗan garuwa ya turo kurarsa da jarkoki. Wanda ke sayen ruwa jarka-jarka yana da hakkin ya ji haushi in ya ga ana fesa shi sama. Sai dai famfon ado ruwa ɗaya yake juyawa, inji ya tura shi sama, ya faɗo cikin kwami, ya sake komawa. Asararsa ita ce abin da rana ta shanye da wanda iska ta kwashe, shi ya sa ya kamata a kunna shi da dare kawai, na awa biyu ko uku. Ba dole ba ne kuma a taɓa tataccen ruwan Gudel da muke sha, ga kogi a gefenmu, ga rana da za ta caja batir. In shekara ta zo da ƙarancin ruwa, a kashe shi. Birnin Basalona na Sifen ya yi haka lokacin da aka yi fari, da shahararren famfonsa mai kiɗa, wanda aka gina tun 1929.

Masu ganin abin baƙo ne gare mu su tuna da 'ya'yan Musa bin Shakir su uku a Bagadaza. A ƙarni na 9 suka rubuta yadda ake ƙera famfon da ke sauya siffar feshinsa da kansa, da sarewar da ƙarfin ruwa ke sa ta busa.

Kuskuren da biranenmu ke yawan yi shi ne wurin da ake ajiye shi. Sai a gina shi a tsakiyar shataletale don baƙin taro su gani ta gilashin mota. Wace uwa ce za ta tsallaka da yara tsakanin tasi da kabu-kabu don ta zauna cikin hayaƙi? Wurin da ba mai zama kuwa ba mai kula da shi. Ƙurar hunturu ta toshe bututu, injin ya ƙone, bayan shekara kwamin ya cika da ledojin ruwan sanyi.

Ni dai da za a ji tawa, a nemi fili a bakin kogi ko cikin unguwa mai jama'a, a dasa itatuwa, a sa bencina da famfon sha kyauta a gefe, a bar wa masu tsire da masu dambu wurinsu. Kiɗan kuma kada a kwaso shi daga intanet. Muna da masu kalangu, masu gurumi, masu molo, da matasan da ke koyon kiɗa a cibiyar CFPM Taya, da yawansu ba su da dandalin da jama'a za su ji su. A ba su daren Asabar, a biya su, a tsara feshin ruwan ya bi kiɗansu. Kafin kuma a aza tubalin farko, ma'aikatar magajin gari ta rubuta cikin kasafinta albashin mai gyara da kuɗin kayan gyara na kowace shekara.