Gwajin maganin cutar daji: sai an samu yardar mutane

Na goyi bayan kiran da ake yi na a ƙara kuɗin binciken cutar daji, a kawo gwajin sabbin magunguna kusa da talakawa. Amma mu a Kano ba mu manta da gwajin maganin Trovan na kamfanin Pfizer a 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, inda yara 11 suka rasu. Yayata, Allah ya jiƙanta, dajin mama ne ajalinta. Kuɗin motar zuwa asibiti a Zariya ma ya sha gagararmu. Don Allah NICRAT, cibiyar bincike da maganin cutar daji ta ƙasa, ta ware kuɗin sufuri, a rubuta takardar amincewa da Hausa, a karanta wa mara lafiya a gaban danginsa kafin ya sa hannu.