Shuɗiyar rigar Win Tin

Mutum ya kwashe shekara 19 a kurkuku, aka buɗe masa ƙofa, ya fito sanye da shuɗiyar rigar fursuna, kuma ya ƙi rabuwa da shuɗin kaya har ya koma ga Mahaliccinsa. Wasu za su ce taurin kai ne. Ni kam ina ganin babu wanda ya fahimci ƙasarsa kamar wannan dattijo.

Ƙasar Bama nake nufi, wadda yau ake kira Myanmar, inda kakanninmu suka je yaƙi lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Win Tin ɗan jarida ne, tsohon editan jaridar Hanthawaddy, yana cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar NLD mai fafutukar dimokuraɗiyya tare da Aung San Suu Kyi bayan boren da ɗalibai suka jagoranta a kan mulkin soja a 1988. Sojoji suka kama shi a 1989, suka jefa shi gidan yarin Insein da ke Yangon. Akwai lokacin da aka tsare shi a ɗakin da aka gina domin karnukan soja. An hana shi biro da takarda, ɗan jarida fa! Sai a Satumba 2008 aka sake shi, yana dab da shekara tamanin.

Dalilinsa na ƙin rabuwa da shuɗin kaya a fili yake: muddin akwai sauran fursunan siyasa ko da guda ɗaya a ciki, to shi ma bai fito ba.

Ku tuna yadda duniya ta yi ta guɗa daga 2011, lokacin da gwamnatin Thein Sein ta fara sakin mutane rukuni-rukuni, Turawa suna sassauta takunkumi, kowa na cewa Bama ta gyaru. A tsakiyar wannan murna sai ga tsoho mai farin gashi da tabarau, a taro, a ofishin jam'iyya, a gaban 'yan jarida, kullum cikin shuɗi. Ba sai ya buɗe baki ba. Duk wanda ya kalle shi dole ya tuna da waɗanda har yanzu matansu ke kai musu abinci a bakin ƙofar Insein. Wannan ne ya sa nake girmama shi, domin ya hana ma abokan tafiyarsa sakin jiki.

Ba shi kaɗai ya yi magana da tufa ba. A 2006, da aka sake kama Min Ko Naing, jagoran ɗalibai a boren 1988, da abokansa, tsoffin ɗaliban 1988 sun kira jama'a su sa fararen kaya. Wa zai kama mutum don ya sa farar riga? Tsoffin fursunonin da suka tsallaka Thailand kuwa suka kafa ƙungiyar AAPP mai taimakon fursunonin siyasa a garin Mae Sot a 2000, suna ajiye sunan duk wanda aka tsare.

Win Tin ya rasu ranar 21 ga Afrilu 2014. Duk shekara a wannan rana masu neman a saki fursunonin siyasa suna sa shuɗiyar riga, suna ɗora hotunansu a intanet.

Sai kuma 1 ga Fabrairu 2021, sojoji suka sake ƙwace mulki. Dubbai suka koma ciki. A Yuli 2022 aka zartar da hukuncin kisa kan Ko Jimmy, ɗaya daga cikin ɗaliban 1988 ɗin nan, tare da tsohon ɗan majalisa Phyo Zeya Thaw da wasu mutum biyu. Waɗanda suka ce dattijon nan ya cika naci, ina so in ji abin da za su ce yanzu.