Kamannin 'yan ƙananan kalmomi ba ya nuna asalin harshe

Jama'a, akwai wata ɗabi'a da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya a dandalin nan. Mutum zai tsinci kalma mai gaɓa ɗaya a Hausa, ya ji irinta a Sinanci ko Ibrananci, nan take ya yanke hukunci cewa daga can Hausawa suka taso, mutane kuma su yi ta yaɗawa. Abin yana damuna ƙwarai, domin yana danne hujjoji na gaskiya da muke da su game da asalin harshenmu, alhali sun fi wannan ƙarfi nesa ba kusa ba.

Kalmomin korewa aka fi kafa hujja da su. Za ka ji ana cewa duk duniya da harafin "n" ake cewa a'a: Turanci no, Faransanci non, Jamusanci nein, Rashanci nyet, Farisanci na. Haka ne, amma waɗannan duka 'yan gida ɗaya ne, dangin harsunan Indiya da Turai, kuma kalma guda suka gada daga kakansu, wato "ne". Ko a cikin gidan ma ba a taru an zama ɗaya ba. Mutumin Girka idan ya ce maka "ne", to ya amince ke nan. A wajen gidan kuwa, mutumin Koriya ma haka. A Turkiyya "ne" tambaya ce, daidai da "me?" tamu. Mu kuwa da "ne" muke tabbatarwa: shi ne, gaskiya ne. Balarabe da "na'am" yake amsawa, mu ma daga wurinsa muka aro ta.

Wadda ta fi jan hankalina ita ce "ma". Duk wanda ya zauna gaban malami karatun nahawun Larabci ya san wahalar da wannan 'yar kalma take bayarwa. Akwai ma nafiya mai korewa, akwai ta tambaya, akwai mausula mai ma'anar "abin da", akwai ta mamaki, akwai za'ida, wato ta ƙari kawai, kuma rashin bambance su yana iya juya ma'anar jimla gaba ɗaya. A Turkanci, wanda ba dangin Larabci ba ne, "gel" shi ne zo, "gelme" kada ka zo. A tsohon harshen Indiya na Sanskirit "ma" hani ce. A Sinanci ana ɗora ta a ƙarshen magana don tambaya, kuma idan karin sauti ya sauya sai ta koma uwa ko doki. A Hausa fa? Ni ma zan je. Na gaya ma. Ma haɗu gobe. Babu korewa ko ɗaya a ciki. Alhazanmu shaida ne: a kasuwannin Makka da Madina idan mai kanti ya ce "mafi", babu ke nan, alhali a bakin Bahaushe "mafi" tana nuna fifiko, mafi kyau, mafi yawa. Sauti ɗaya ne, amma babu abin da ya haɗa su.

Dalilin bai da wuyar ganewa. Harshe mai baƙaƙe 30 da wasula 5 zai ba ka gaɓoɓi 150 ne kacal masu baƙi da wasali. Duniya kuma tana da harsuna kimanin 7,000, kowanne yana buƙatar gajerun kalmomi na korewa, tambaya da wakilin suna. Dole a yi ta cin karo da juna. Ko a Hausa kaɗai dubi nauyin da muka ɗora wa "ba": bai zo ba, ba shi ba ne, ba ya zuwa, ba kuɗi, ba ni ruwa. Tsawon wasali da karin sauti ne suke raba su, rubutunmu na boko kuma ba ya nuna ko ɗaya daga ciki. Wanda ya kalli harafi kawai yana iya haɗa ta da "ba" ta Biyetnam, wadda ke nufin uku.

Kalmomin korewa ma ba sa zama wuri ɗaya. "Pas" ta Faransanci, wadda 'yan'uwanmu na Nijar suka sani sarai, asalinta taku ne na ƙafa, yau kuma a maganar baka ita ce ke ɗauke da korewar, "ne" tana faɗuwa. A Larabcin Misra ana cewa "ma'rafsh", ban sani ba, "sh" ɗin nan guntun "shai'" ne, wato abu. Masanin harshe ɗan ƙasar Denmak, Otto Jespersen, ya bayyana wannan juyi tun 1917.

To ina hujjar gaskiya take? Tana cikin tsarin da yake maimaita kansa. Hausa 'yar reshen Cadi ce a cikin babban dangin Afirka da Asiya, tare da Larabci, Ibrananci, Amharik, Somaliyanci, harsunan Buzaye da harshen Misra ta dā, kamar yadda Joseph Greenberg ya tsara a 1963. Dubi "ka" da "ki": gidanka, gidanki a Hausa, baituka, baituki a Larabci. Dubi "t" ta mace: ta rubuta, taktubu. Dubi "ma" ta farkon sunan wuri da kayan aiki: mabuɗi da miftahu, makaranta da madrasa. Ga mutu da "mata" ta Larabci, wato ya mutu, ga suna da ismu. Wannan gado ne daga kaka ɗaya, ma'ana Hausa ba 'yar Larabci ba ce, 'yar'uwarta ce ta nesa. Kalmomi irin su littafi da alƙalami kuwa aro ne da ya zo daga baya tare da Musulunci, ba a cakuɗa su da gado.

Idan akwai "ba" da ta cancanci ɗalibanmu na sashen Hausa a Bayero, Zariya, Sakkwato da Maiduguri su zauna a kanta, ta Barebari ce. Su ma da "ba" suke korewa, ga shi harshensu ba danginmu ba ne, amma mun shafe ɗaruruwan shekaru muna maƙwabtaka da cinikayya, har masana suka nuna cewa karatu, rubutu da kasuwa ta hannunsu suka shigo mana.