Gwangwanin madara ba ya kare huhun lebura

Duk wanda ya taɓa aikin masana'anta ya san al'adar. Ma'aikaci ya wuni yana shaƙar warin fenti ko tururin asid, idan an tashi sai a miƙa masa gwangwanin madara, wai ta wanke masa ƙirji. Ya sha ya yi godiya, mai kamfani kuma ya ji ya sauke nauyi. Alhali madara ciki take tafiya, tururin kuwa huhu ya shiga, daga can ya bi jini. Ko a hanya ba su haɗu ba.

Yawancin abin da ake kira kiyaye lafiyar ma'aikata a wurarenmu na ganin ido ne: hular kwano, takalmin roba, allon gargaɗi a bakin get. Masana harkar kuwa kayan kariya suke sawa a ƙarshen layi. Farko a duba ko za a iya rabuwa da sinadarin mai haɗari, ko a musanya shi da mai sauƙi. In ba hali, a killace shi cikin bututu, a sa na'urar zuƙe iska, a rage lokacin da mutum zai yi kusa da shi. Sai abin da ya saura ake tarewa da safar hannu da takunkumi. Mu mun juya lissafin, domin takunkumi ya fi gyaran bututu araha. Shi ma sau da yawa na ƙura ake rabawa, wanda ba ya tare tururin sinadari ko kaɗan. Ga zafin Maris da Afrilu a Kaduna. Kafin azahar mutum ya saɓule shi ya rataya a wuya.

A daren 2 ga Disamba 1984 ruwa ya shiga tankin wani sinadari mai guba a masana'antar maganin ƙwari ta Union Carbide da ke Bhopal a Indiya. Na'urar sanyaya tankin an kashe ta tun watanni kafin nan, hasumiyar da ke ƙone iskar da ta tsere kuma ba ta aiki. Dubban mutane suka mutu, akasarinsu ba ma'aikata ba ne, talakawan unguwannin da ke jikin katanga ne, suna barci. Hular kwano dubu ba za ta ceci ko mutum ɗaya ba a wannan dare. Wanda ya san yadda gidaje suka matso har jikin masana'antu a Kakuri, Makera da Kudenda da ke Kaduna ya san labarin bai yi mana nisa ba. Maƙwabta nawa aka taɓa tarawa aka gaya musu ma'anar jiniya idan ta yi kuka, da gefen da za su nufa idan iska ta kaɗo?

Amma inda gizo ke saƙar shi ne wajen leburan kwantiragi. Aikin da ya fi haɗari, irin su shiga cikin tanki a wanke, kwashe dagwalo, sauke durom daga tirela, galibi shi ake ba wa, wanda ba shi da takardar ɗaukar aiki balle ƙungiya. Ƙa'ida ita ce kafin mutum ya shiga tanki a auna iskar ciki, a kulle duk bututun da ke shigowa, a sa hannu a takardar izini, wani ya tsaya a baki yana gadinsa. Idan lebura ya ga ba a yi haka ba ya ja da baya, amsar da zai ji sananniya ce: “In ba za ka yi ba, ga wasu can bakin get suna jira.” Sai ya shiga. Idan ya faɗi, abokinsa ya bi shi don ya ceto shi, a fito da gawa biyu. A wajen ta'aziyya a ce ƙaddara ce. Babu mai ja da ƙaddara, sai dai an umarce mu da ɗaure raƙumi kafin tawakkali, kuma igiyar a hannun manaja take, ba a hannun lebura ba.

Doka akwai. Dokar Masana'antu ta 1987 ta ba sufetocin Ma'aikatar Ƙwadago ikon shiga su bincika, sai dai tarar da ke cikinta ta nairar wancan zamani ce, ba ta kai ta tsorata kowa ba. Dokar diyya ta 2010 ta wajabta wa kamfani zuba kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikatansa a asusun NSITF, hukumar gwamnati da ke biyan diyya ga ma'aikatan da suka ji rauni a wurin aiki. Madalla, amma diyya bayan ido ya tsiyaye take zuwa.

Don haka ni ba sabon kwamiti nake nema ba. A rubuta, shugaban kamfani ya sa hannu, cewa kowane ma'aikaci, har na kwantiragi, yana da ikon tsayar da aiki idan ya ga haɗari, ba tare da an taɓa kuɗinsa ba. Sufeto kuma ya daina aiko da sanarwa kafin ya zo. Ya faɗo da dare, ya wuce ofis, ya murɗa famfon wankin ido ya ga ko zai yi minti 15 yana zuba idan an ɗauke wuta. Sannan ya ja lebura gefe, inda oga ba ya ji, ya tambaye shi da Hausa me ke cikin durom ɗin da yake mirginawa.