Wa zai zaga da mu cikin birni mu ci gurasa?

Jama'a, yau doguwar magana ce, wanda yake sauri ya wuce abinsa, ba zan ji haushi ba.

Bara na raka yayana asibiti a Alƙahira. Da Allah ya ba shi sauƙi aka sallame mu, sai ya rage mana kwana uku kafin jirgi. Wani yaron unguwarmu da yake karatu a Azhar ya ce in zo ya haɗa ni da masu zaga gari da baƙi a ƙafa, ana tafe ana tsayawa cin abinci. Na ce masa ni da kuɗina zan biya a nuna mini yadda ake cin abinci? Ya ce Kawu, ka dai je. Na je. Mu takwas ne da jagora ɗaya. Muka shiga tsohon birni ta ƙofar Bab al-Futuh, muka gangara titin Mu'izz har Bab Zuwaila. A nan a ba ka ful, gaba kaɗan ɗa'amiyya, can kushari, ka kora da ruwan rake, a ƙare da shayi a kasuwar Khan Khalili. Duk inda aka tsaya sai jagoran ya ɗaure abincin da labarin wurin: Faɗimiyawa ne suka kafa birnin a shekarar 969, wannan lungun na maƙeran tagulla ne, wancan na masu turare. Ɗa'amiyyar nan kuwa da na gutsura, wallahi ƙosai ce, waken ne kawai ya bambanta. Na biya kuɗi mai kauri na ci ƙosai da labari, kuma ban yi da-na-sani ba.

Tun a jirgi abin yake cina. Me Alƙahira ta nuna mini a wannan yawo wanda Kano ba ta da irinsa? Ganuwarmu Sarki Gijimasu ya fara ta, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134. Kasuwar Kurmi tun zamanin Muhammadu Rumfa take ci, shi kuwa ya hau gadon sarauta a 1463. Marinar Ƙofar Mata an ce tun 1498. Amma in baƙo ya zo mana, iyakacinta mu kai shi Gidan Makama ya kalli takubba da tsofaffin ƙyamaren ƙofofi, ya ɗauki hoto a bakin karofi, sai mu cusa shi a mota mu kai shi Nassarawa ya ci soyayyiyar shinkafa da kaza irin wadda zai samu a kowane gari a duniya.

Bar ta baƙo ma. 'Ya'yan ƙanwata a Kano aka haife su, babban ya kusa gama sakandare. Duk wani mai shawarma da ke kan Zoo Road sun san shi har da lambar wayarsa. Da na tambaye su ina ne Jakara, ɗaya ya ce ai sunan kwata ne. Bai yi ƙarya ba, amma abin ya sosa mini rai. Shi ya sa nake ganin in za a fara irin wannan yawo a Kano, kada a fara da tunanin Bature mai kyamara. Mu ne kasuwar farko, mu da yaranmu da muka fita bayan ganuwa muka manta hanyar komawa.

Ku duba yadda tarihi yake zaune a bakinmu ba mu lura ba. Alkama, alkubus, alkaki, gurasa, duk sunayen Larabci ne da harshenmu ya lanƙwasa. Alkubus shi ne al-khubz, wato burodi. A Sudan har gobe suna da tasu gurasar. Yanzu ka ɗauki yaro ka tsayar da shi a Alfindiki, ka gaya masa sunan daga funduƙ ya fito, masaukin fatake. Ka wuce da shi Alƙantara, wato gada. Ka kai shi Dandalin Turawa ka ce masa Turawan da ake nufi ba 'yan Ingila ba ne, Larabawan Tarabulus da Gadamas ne da suka zauna a nan tun kafin sojan Ingila su shigo Kano a 1903. Sannan ka miƙa masa gurasa mai zafi da aka ɓamɓaro daga jikin tanderu yanzu-yanzu, a yayyafa mata ruwa, a barbaɗa ƙuli-ƙuli da yaji, a zuba man gyaɗa da albasa ta zama bandashe. Wannan yaron ya gama fahimtar fataucin Sahara. In an ba shi a allo a aji, kafin Juma'a ya manta.

Kwanon ɗanwake ma kaɗai ya isa darasi. Kanwar da ake sa masa daga wajen Borno da tafkin Cadi fatake suke kawo ta. Kuka tamu ce ta gado. Rogon da ake haɗawa da shi da barkonon da ke cikin yajin kuwa asalinsu daga nahiyar Amurka ne, haka ma gyaɗar da muka yi dala da ita bayan jirgin ƙasa ya iso Kano, har muka ɗauka tun Bagauda muke da ita. Gishiri a da na Balma ne a bayan raƙuman Buzaye. Goron da za ka tauna bayan ka ci kuma, shi ya kai Agalawa da Kambarin Barebari har Gwanja, kuma da shi Alhassan Ɗantata ya fara kafin ya koma gyaɗa. Sunayen unguwanni su ne shaida: Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Ayagi, Agadasawa. Agadasawan nan ma in ka bi ta da hantsi ka ga an shanya nama falle-falle a rana, ana jiran ya bushe a tsoma shi a kwaɓin tunkuza da kayan yaji a sake shanyawa kafin ya ga wuta, za ka gane dalilin da matafiyin da zai yi wata biyu a hanya ya ƙirƙiro kilishi.

To amma ga inda nake so masu ɗokin kwaikwayo su tsaya su yi tunani. A Alƙahira abincin yana shago, da kujeru da mai karɓar kuɗi. A cikin birnin Kano abincin kirki yana cikin gida. Mai wainar da duk unguwa ta sani ba ta da allon suna, kuma ba za ka taɓa ganin fuskarta ba. Tana tsakar gida gaban tanda tun asuba, yara ne suke shiga da kwano suna fitowa. Mai alkaki da nakiya da dubulan sai an yi mata sallahu lokacin gara. Mai funkaso da miyar taushe haka. A jikin bangon zaure kuma an rubuta "ba shiga", kuma da gaske ake. Duk wanda ya kwaso tsarin can ya ce zai jera gidajen abinci biyar ya zaga da mutane, to zai zaga da su ne a gefen Kano, bai shiga ba.

Ga kuma tarbiyyarmu. Mu an hore mu cewa mutumin kirki ba ya ci a tafe, ba ya ci a tsaye a bakin titi. Mahaifina ko tsire ya saya sai an naɗe masa a takarda ya kai gida. Ni ban ga laifin wannan ba, kuma ban ga ya hana komai ba. Ai muna da zaure. Tun fil azal aikinsa ke nan, a shimfiɗa wa baƙo tabarma, a kawo masa ruwa, abinci ya fito daga ciki. A yi magana da maigida, a sanar da mai unguwa, a tsayar da rana. Baƙi su cire takalmi su zauna, dattijon gidan ya ba da labarin kakansa da ya zo daga Agadas ko Bida. Ayarin mata kuwa, mace ta ja su, su wuce har tsakar gida su ga yadda ake juya waina da tsinke, su ji daga bakin mai yi. A nan mata sun fi mu riba nesa ba kusa ba, mu maza iyakarmu zaure.

Wani abokina da na kawo masa zancen ya ce abin kunya ne Bakano ya karɓi kuɗin baƙo don ya ciyar da shi, ai baƙonka annabinka. Na ce masa Malam, wanda ya sauka a gidanka daban, wanda ya yi rajista ta WhatsApp ya zo da abokansa tara daban. Matar nan sana'a take yi, da ita take sayen omo da littafin makarantar yara. Abin da nake tsoro ma shi ne akasin haka: wani ɗan boko mai iya Turanci ya karɓi kuɗi masu yawa a hannun baƙi, ya sayi wainar ɗari biyar a hannunta, ya ɗauki bidiyon hannayenta da tsakar gidanta ya watsa a TikTok ba da izininta ba. In haka za a yi, gara a bar mu yadda muke. Jagora ya zama ɗan unguwar ko 'yar unguwar, a yi ciniki da masu gida tun kafin a zo, a biya su kuɗin lokacinsu da na shimfiɗarsu ban da kuɗin abinci, waya kuma ta zauna a aljihu sai an ce bismilla.

Na san masu sharhi za su ce ƙazanta fa? Gaskiya ne, ba zan kare ba. Akwai lungun da in damina ta sauka sai ka tattare riga, leda ta toshe kwatoci, ga 'yan adaidaita sahu da masu babur ba sa ba mai tafiya a ƙafa hanya. Ganuwar ma da nake taƙama da ita, wurare da yawa an cinye ta an yi shaguna. Sai dai na ga lungunan bayan Azhar da idona, su ma ba aljanna ba ne. A zaɓi hanya, a fito da sassafe kafin rana ta yi zafi, a fi ba da ƙarfi lokacin hunturu. A tsaya inda ake ci da zafinsa daga wuta, a riƙe ruwan gora. Mai ciwon suga ko hawan jini ya faɗa tun farko, don alkaki ba ya wasa.

Masu karatun tarihi a Jami'ar Bayero da suke zaune ba aiki, ga abin yi. Ba ya buƙatar ofis ko mota. Yana buƙatar ƙafa, da ladabin gaida manya, da haƙurin zama gaban tsoho har ya gama kewaye-kewayensa ya zo kan labarin. Ka kuma tantance abin da za ka faɗa, kada ka tsaya gindin Dala ka ƙaga wa Barbushe abin da bai yi ba don baƙi su yi tafi.

Ni dai Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu zan gwada da 'ya'yan ƙanwata su uku. Za mu ajiye mota a Ƙofar Mata, mu karya da koko da ƙosai, mu bi ta Kurmi mu ɓulla Jakara, in ƙafarsu ta ɗauka mu hau Dala. Na riga na aika wa wata gwaggonmu a cikin birni ta ajiye mana waina ashirin da miyar taushe. Ta aiko a tambaye ni ko lafiya, wai shekara huɗu rabona da gidan.