An sallamo shi daga Gee, wa zai ci gaba da jinya?

A unguwannin Aboabo da Asawase na Kumasi, a Ghana, ranar da aka sallamo mutum daga asibitin Komfo Anokye, wanda mutanen Kumasi suka fi sani da Gee, gida cika yake yi. Masu dubiya na shigowa da lemo da koko, ana ta "sannu, Allah ya ƙara sauƙi." Bayan 'yan kwanaki ƙafa ta ɗauke, a bar matarsa ko 'yarsa da jinya ita kaɗai. A ganina, a nan ne aikin likita yake lalacewa.

Asibiti ba zai riƙe kowa har ya warke sarai ba, gadaje ba sa isa. Sauran aikin a gida yake, kuma mun san gidan haya na Zango: ɗaki ɗaya, banɗaki na haɗaka ko na kuɗi a bakin titi, ruwa sai an ɗebo a bokiti. Matar da aka yi wa tiyatar haihuwa, aka ce kada ta ɗaga abu mai nauyi har kusan mako 6, sai ka gan ta a duƙe tana wanki tun ɗinki bai kama ba, don ba mai yi mata.

Wani lokaci tausayin ne ma ke cutarwa. Ana hana majinyaci motsi, alhali doguwar kwanciya kan sa jini ya daskare a ƙafa, ta kuma jawo gyambo a baya. Mai shanyewar ɓarin jiki kuwa, a watanni 3 zuwa 6 na farko ne gashi da motsa gaɓoɓi suka fi yi masa amfani. In suka wuce yana kwance ana shafa masa mai kawai, ba ƙaramar asara aka yi ba.

Ƙungiyoyinmu na unguwa da na masallaci sun iya tara kuɗin suna da na rasuwa. Me zai hana su raba jinya haka? Yau wance ta dafa, gobe wane ya raka majinyacin wankin ciwo, wani ya ɗauki kuɗin Pragya (keken haya mai ƙafa uku), wani ya duba ko katin inshorar lafiya na NHIS ya ƙare ya sabunta ta waya da *929#. A kuma nemi nas ɗin unguwa ta CHPS (shirin gwamnati na kai kiwon lafiya unguwanni) ta riƙa leƙowa.

Mai jinya ta san cewa in wajen ɗinki ya kumbura, ya fara fitar da mugunya, ko zazzaɓi ya taso, ranar ake komawa asibiti, ba a jiran ranar da likita ya rubuta.